Masu Barin Dattijo Ya Taka da Ƙafarsa

A gidan kula da tsofaffi babu abin da ya kai hani sauƙi. Kada ka fita kai kaɗai, kada ka taɓa butar shayi, zauna a kawo maka. Ma'aikacin da ya riƙe wannan hanya zai tashi aiki hankalinsa kwance, littafinsa babu rahoton faɗuwa, 'ya'yan tsoho kuma su yi masa godiya. Ni dai waɗanda suka fi burge ni su ne masu barin dattijo ya yi abin da ransa yake so alhali sun san akwai kasada a ciki, sannan su duƙufa wajen rage wa kasadar kaifi.

A Ingila da Wales, inda 'yan Najeriya da dama suke wannan aiki, musamman waɗanda suka zo tsakanin 2022 da 2025, lokacin da ƙofar biza take a buɗe ga masu kula da tsofaffi, doka ce ta tsaya wa tsoho. Dokar ikon yanke shawara ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ta ce a ɗauki kowane baligi a matsayin mai iya yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar da akasin haka, kuma zaɓin da wasu suke ganin wauta ne bai isa hujjar cewa hankalinsa ya gushe ba. Abin dubawa shi ne ko ya fahimci bayanin, ya riƙe shi, ya auna shi, ya kuma iya faɗin abin da ya zaɓa. A kan kowace magana ake duba wannan daban. Mai gigin tsufa zai iya kasa lissafin kuɗinsa na banki, amma ya san sarai yana son zuwa masallaci ran Juma'a.

A ce dattijo ne mai ciwon suga a wani gida a Bradford, watan azumi ya kama, ya ce shi tun yana yaro bai taɓa sha ba. Addini ya yi wa marar lafiya sassauci, likita ma ya fi son ya haƙura. Gwanar ma'aikaciya za ta faɗa masa duka biyun ba tare da ɓoye komai ba, har ta nemo limami idan yana so. In ya tsaya a kan bakansa, daga nan aikinta yake farawa. Ta sa likita ya sake tsara lokutan magani su dace da sahur da buɗa-baki. Ta roƙi masu girki su ajiye abincin asuba mai riƙe ciki. Sai ta durƙusa kusa da kujerarsa, idonta daidai da nasa, ta ce, "Alhaji, mu yi alkawari. Zan riƙa gwada jininka da rana, wannan ba ya karya azumi. In sugan ya sauka ƙasa da 3.9, ko ka ji jiri da gumi, za ka sha ruwa, ka rama daga baya. Ka yarda?" Ta rubuta abin da suka shirya, domin mai karɓar aikin dare ya tarar. Dattijon da aka hana kai tsaye yakan yi azuminsa a ɓoye, ya tura abinci gefe ya ce ya ƙoshi, kuma wannan ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

Haka batun faɗuwa. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura shekara 65 sukan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara, don haka tsoron ba na banza ba ne. Sai dai tsohon da aka zaunar, naman ƙafarsa zubewa yake yi, ranar da ya miƙe kuwa faɗuwar ta fi kusa. Ƙarfen gefen gado ma, wanda ake ganin kariya ce, ruɗaɗɗen tsoho yakan haura shi ya faɗo daga sama. Gwani takalmi yake dubawa, da hasken hanyar banɗaki, da tsawon sandar dogarawa, da maganin barcin da ke sa layi.

Tunanin barin mutum ya ɗauki kasada ya daɗe. Ba'amurke Robert Perske ya yi rubutu a 1972 cewa kare naƙasassu daga kowace kasada tauye musu mutunci ne. A 2007 alƙali Munby na Ingila ya nuna a wani hukunci cewa tsaron da zai bar mutum cikin baƙin ciki ba shi da amfani. Ostareliya ta sa wannan 'yanci cikin ƙa'idojin kula da tsofaffinta a 2019.

Mafi wuyar aikin shi ne fuskantar 'ya'ya. Ɗiyar da ta ce a hana mahaifinta fita, ƙauna ce ta sa ta faɗa, kuma ma'aikacin kirki yakan ba tsoronta haƙƙinsa, ya nuna mata shirin da aka yi, amma ba ya miƙa mata hukuncin da na uban ne. Ya kuma san inda iyakar take. Tsohon da zai kunna taba kusa da tukunyar oksijin, ran maƙwabtansa ya sa a ciki, don haka sai a fitar da shi lambu, a tsaya tare da shi har ya gama.