Yadda Ake Bin Sawun Tauraruwa Mai Wutsiya

A daren 22 ga Yuli, wayewar 23, na shekarar 1995, wasu Amurkawa biyu da ba su taɓa sanin juna ba suka hango ɗigon haske guda a wuri guda a sama. Alan Hale yana ƙofar gidansa a Cloudcroft, kan tsaunukan jihar New Mexico. Thomas Bopp kuwa yana hamadar Arizona da abokansa, yana leƙa madubin hangen nesa na aro. Kowannensu ya saita madubi kan wani curin taurari da ake kira M70, sai ya ga wani abu dishi-dishi a gefensa.

Ganin ba shi ne gwaninta ba. Hale ya riga ya ɓata ɗaruruwan awowi yana neman sabuwar tauraruwa mai wutsiya bai dace ba, amma bai yi saurin murna ba. Sai da ya buɗe taswirar sama ya tabbatar ba a san wani abu a wannan wurin ba, ya duba jerin masu wutsiyar da aka sani ya ga babu wadda hanyarta ta bi ta nan. Sannan ya zana taurarin da ke kewaye da ɗigon, ya zauna jira. Taurari na ainihi ba sa sauya zama a tsakaninsu cikin dare ɗaya; mai wutsiya kuwa tafiya take. Kafin gari ya waye, ɗigon ya gusa. Rahoton mutanen biyu ya isa ofishin da ke karɓar irin wannan labari a Cambridge ta jihar Massachusetts, inda Brian Marsden ke shugabanci a lokacin, aka raɗa wa tauraruwar suna Hale-Bopp.

Aiki na farko shi ne faɗin inda take. "Can wajen kudu" ba adireshi ba ne, don sama juyawa take duk dare. Masana sun shata wa sama layuka irin na taswirar duniya: lamba ɗaya tana nuna nisan abu arewa ko kudu, a digiri, ɗayar tana nuna nisansa gabas, a awa da minti da daƙiƙa. Mai awo yakan ɗauki hoto, ya zaɓi taurarin da aka riga aka san matsayinsu sarai, ya auna tazarar ɗigon daga kowannensu. A yau kundin da kumbon Gaia na Turai ya tattara, mai taurari fiye da biliyan ɗaya, shi ne abin dogaro. Sai a rubuta lokaci har zuwa daƙiƙa, da agogon GMT, wanda masu sauraron rediyo suka saba ji. A kuma rubuta inda mai awon ya tsaya a doron ƙasa, domin wanda ke Ostareliya da wanda ke Amurka ba daidai wuri ɗaya za su gan ta ba. Awo mai kyau da agogo marar kyau aikin banza ne.

Matsalar ita ce hoto ba ya faɗin nisa. Yana nuna shiyya kawai. Maganin ya fito ne daga Carl Friedrich Gauss, Bajamushe. A ranar 1 ga Janairu, 1801, Giuseppe Piazzi ya gano wata 'yar ƙaramar duniya da ake kira Ceres daga Palermo ta Italiya, ya bi ta makonni kaɗan, ta ɓace cikin hasken rana. Gauss, yana ɗan shekara 24, ya yi lissafi da wannan ɗan awon ya faɗi inda za a neme ta, kuma a Disambar shekarar aka same ta a wurin. Hikimar ita ce duk abin da rana ke ja yana da ƙa'idar tafiya: in ya matso ya ƙara gudu, in ya yi nisa ya lafa. To, in an samu awo uku a darare daban-daban, hanyoyin da za su dace da ukun da kuma wannan ƙa'ida ba su da yawa. Kamar mai bin sawun ɓatacciyar saniya ne: taku uku sun isa ya san inda ta dosa, amma sai ya ga sawun jiya kafin ya rantse.

Sawun jiyan Hale-Bopp a Ostareliya aka same shi. Robert McNaught ya koma cikin tsofaffin hotunan cibiyar Siding Spring, ya tono ta a wani hoto na Afrilun 1993, wanda aka ɗauka ba a san tana ciki ba. Wannan ya ƙara wa lissafin shekara biyu a take. Lambobi shida ke bayyana hanyar: iyakar kusantarta da rana, ranar da za ta kai can, yadda zagayen ya miƙe, da kusurwoyi uku na yadda ya karkata. Suka nuna cewa lokacin da aka gano ta tana bayan Mushtari, kilomita fiye da biliyan ɗaya daga rana, wato ninki 7.2 na tazarar da ke tsakaninmu da rana, kuma za ta iso kusa da rana ranar 1 ga Afrilu, 1997. Daga nan ake fitar da jadawalin inda za ta kasance kowane dare. Kowane sabon awo a gwada shi da jadawalin; in an ga saɓani, komai ƙanƙantarsa, a gyara lambobin.

Awon haske ya fi burge ni, don har yanzu ido da haƙuri suna da aiki a cikinsa. Sikelin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai haske. Ido mai lafiya a daji marar fitila yana tsayawa ne a mataki na 6, kuma kowane mataki biyar ninki ɗari ne. Hale-Bopp tana wajen 10.5 lokacin da aka gano ta. Amma ta yaya za a gwada abu mai kamar hayaƙi da tauraro wanda ɗigo ne tsaf? Mai duba yakan zauna cikin duhu kamar rabin awa sai idonsa ya saba, ba ya kunna komai sai 'yar jar tocila. Ya kalli tauraruwar ta gefen ido, inda gani ya fi kama raunin haske, ya haddace girmanta da haskenta. Sannan ya murɗa madubin da gangan har taurarin kusa su dagule, su kumbura su kai girmanta. Ya zaɓi biyu da aka san lambarsu, ɗaya ya fi ta ɗaya bai kai ta ba, ya yanke inda ta faɗa tsakaninsu. Wannan ita ce hanyar Sidgwick. A ta Bobrovnikoff, duka ake dagulawa tare. Ya rubuta faɗin madubinsa, da ko akwai farin wata, ya kuma ba tsakiyarta maki daga 0 zuwa 9 gwargwadon yadda ta dunƙule. Wani zai ɗaga kai ya ce "kai, ta ƙara haske" ya koma shimfiɗa. Maganarsa ba ta shiga lissafin kowa.

Irin waɗannan rahotanni ne suka nuna cewa, a nisan da aka gano ta, Hale-Bopp ta ninka tauraruwa mai wutsiya ta Halley haske kusan sau dubu. Duk da haka masana suka riƙa taka-tsantsan, don wata mai wutsiya da ake kira Kohoutek ta ba su kunya a 1973: an yi ta shela, ta zo a dusashe. Hanya tana bin lissafi. Haske kuwa ya danganta da yadda ƙanƙara da ƙura za su tashi daga jikinta, kuma ba a ganin wannan daga nesa. Hale-Bopp ba ta ba da kunya ba. An yi wata 18 ana ganinta da ido, kuma waɗanda suka yi wayo a lokacin a ƙasar Hausa za su tuna ta a arewa maso yamma bayan magariba, cikin zafin bazarar 1997.

Ba a daina binta ba. A Afrilun 1996 ta gifta kusa da Mushtari, jansa ya rage zagayenta daga shekara kusan 4,200 zuwa kusan 2,400, kuma masu lissafi sun sa wannan a ciki. A 2022 aka saita madubin hangen nesa na James Webb inda jadawali ya nuna, aka same ta a nisan da ya ninka tazararmu da rana sau 46. Lissafin ya ce sai wajen shekara ta 4385 za ta dawo.