Jinjina ga Nas Mai Biro a Aljihu

Duk wanda ya san shataletalen Mando ya san yadda tireloli daga hanyar Birnin Gwari ke gogayya da 'yan acaɓa. In tsautsayi ya gitta, kafin likita ya iso asibitin Barau Dikko ko na sojoji na 44, hannun nas ne ke fara taɓa mai rauni. Ita ke duba numfashi da bugun jini, ta ware wanda zai jira da wanda minti biyar ta yi masa yawa.

Wannan rabewa ba da ka ake yin ta ba. Wasu ne suka kwana a ɗakin agajin gaggawa, gari ya waye suka zauna rubuta abin da suka gani. Haka aka samu Journal of Emergency Nursing a Amurka tun 1975, da African Journal of Emergency Medicine a 2011, wadda ake karantawa kyauta a intanet. Ma'aunin launuka na rabe marasa lafiya na Afirka ta Kudu ma, ja da lemo da ɗorawa da kore, ta rubutu ya bazu.

Ni dai na fi tausaya wa nas ɗinmu mai rubutu bayan aikin dare, da fitilar waya, wuta ta ɗauke.