Taro da Sule: Me Kan Sarkin 1959 Ya Faɗa Game da Arewa?

Kusan kullum sai mun bi ta gaban Lugard Hall idan za mu wurin aiki, har mun daina ganinsa. Abin da ya dawo mana da shi wata tsohuwar ambulan ce da muka tsinta a gwangwanin takardun kakanmu a Unguwar Sarki, a kusurwarta an liƙa kan sarki na taro, wato kwabo uku na tsohon kuɗi. Ginin nan ne a kai, an zana shi da baƙi da shunayya. Daga baya muka nemo hoton ɗan'uwansa na sule guda, baƙi da kore, mai ɗauke da babban masallacin Kano. Su biyu aka fitar a watan Maris na 1959 don murnar samun mulkin kai na Jihar Arewa.

Kalmar kanta ta isa a tsaya a kanta. Kan sarki na farko a duniya, wanda Ingila ta buga a 1840, kan Sarauniya Biktoriya ne a kai, kuma har gobe Ingila ba ta rubuta sunan ƙasarta a nata, kan mai sarauta ya wadatar. Da Turawa suka fara buga na Arewacin Najeriya a 1900, kan Biktoriya ne, sai na Edward, sai na George. Bahaushe ya duba ya kira abin da sunan abin da ya gani. Saboda haka duk wanda zai zana kan sarki a ƙasar nan, tambaya ɗaya ke jiransa tun kafin ya ɗauki alƙalami: wa zai zauna a wurin da sarki yake zama?

Ghana ta ba da tata amsa a 1957, ta sa fuskar Nkrumah, 'yan adawa suka yi ca. A Arewa ba a sa fuskar wani shugaban yankin ba, kuma muna ganin an yi dabara. Idan Sardauna aka sa, ina za a kai Sarkin Musulmi Abubakar na Uku? Ina Shehun Borno? Su Malam Aminu Kano na NEPU da Joseph Tarka na UMBC kuwa, da sun ce an mayar da gidan waya ofishin NPC. Gini ba ya takara. Wannan dai mun yarda da shi.

Inda muke da magana shi ne wane gini. Ba a banza aka zaɓi 15 ga Maris ba. A wannan rana ce a 1903 sojojin Lugard suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har aka kashe shi a Burmi. Sardauna ya so ranar da aka ƙwace mulki ta zama ranar da aka dawo da shi, bayan shekara 56. To, ga rana mai wannan nauyi, kuma ga takardar tunawa da ita tana ɗauke da ginin da ke amsa sunan mutumin da ya yi ƙwacen. Wanda bai san tarihi ba zai ga gidan majalisa ne kawai. Wanda ya sani zai ji kamar an yi bikin yaye ne aka kuma ɗora hoton mai goyo a kan katin gayyata.

Akwai uzuri, kuma ba ƙarami ba ne. A cikin wannan zaure Majalisar Dokokin Arewa da Majalisar Sarakuna suke zama, a can ne mulkin da ake murnarsa zai yi aiki. Kaduna kanta gari ne da Turawa suka tsara, suka dawo da hedikwata cikinsa daga Zungeru a 1917. Ba ta da tsohuwar ganuwa ko fada mai shekaru ɗaruruwa da za a zana. Ana ma iya karanta hoton a matsayin gadara: ga gidanku, yau mu ne a ciki. Mun so mu yarda da wannan karatu, amma zanen bai taimake mu ba. Ginin aka ɗora a gaba, a natse, a tsare, irin hoton da ake sa wa a bangon rahoton shekara na ma'aikatar ayyuka. Babu abin da ke nuna cewa wani abu ya canja hannu. Da an fitar da shi a 1955 da sunan wani bikin daban, ba wanda zai ce bai dace ba.

Sana'armu rubuta manhaja ce, kuma mun sha zama muna jayayya kan 'yar alamar nan da ake dannawa a fuskar waya. Darasin wurin ɗaya ne: fili ya yi kaɗan, abu ɗaya kawai za ka iya faɗa, kuma dole a gane shi cikin ƙiftawar ido. Kan sarki ma haka yake, ga shi kuma hatimin gidan waya zai danne rabinsa. A wannan ma'auni na sule ya fi na taro nesa ba kusa ba. Ƙubba da hasumiya ko an ƙanƙance su kamar ƙwayar gero ana gane su, koren kuma ya zauna daidai. Lugard Hall kuwa sai ka karanta rubutu kafin ka tabbatar ba wata sakatariya ba ce a Accra ko Nairobi.

Sai dai kyan na sule shi ne matsalarsa. Taken NPC a lokacin yana cewa Arewa ɗaya ce, al'umma ɗaya, ba tare da la'akari da addini ko ƙabila ba. Jihar da ake wa biki ta haɗa da Tibi da Birom da Igala da Bajju da Yarabawan Ilorin da Kabba. Hotuna biyu kacal aka samu, ɗaya ya tafi ga gwamnati, ɗaya ga masallaci. Mu da muke zaune a wannan tsallaken kogin Kaduna muna iya kallonsa mu ji daɗi. Abokin aikinmu da ke tsallako gada kullum daga Sabon Tasha ya duba hoton a wayarmu, ya ce ya yi kyau, sannan ya tambaya ko akwai na uku. Babu. Wanda ya san yadda garin nan ya rabu bayan rikicin 2000 ba zai ɗauki tambayar da wasa ba. Mata ma ba su cikin lissafin, kuma a nan zanen bai yi ƙarya ba: a zaɓen tarayya na 1959 matan Arewa ba su da ƙuri'a.

Abin takaici, an san yadda ake sa rai a kan sarki tun kafin nan. Jerin 1953 da Bafaranshe Maurice Fievet ya zana yana da mahayan Borno a kan na kwabo, dawaki da mutane da motsi. Gaskiya ne jerin ya fi kallon Arewa a matsayin rumbu, gyaɗa a nan, kuza a can, fatu da ƙiraga a kan na sule goma, amma ido yana tsayawa a kai. Jerin 'yancin kai na 1 ga Oktoba 1960 ya maimaita son gine-gine, majalisa a kan kwabo, kotun ƙoli a kan sisi, amma taronsa mutum ne yana tuƙa kwalekwale, kuma shi muka fi so a cikin huɗun. Arewa kuwa tana da hawan daba a hannu; an ma yi gagarumi a nan Kaduna a watan Mayu na 1959, da yake ranar Maris ɗin ta faɗo cikin azumi. Wataƙila da an zana shi, da mun zo muna ƙorafin cewa an sake mayar da mu mutanen rawani da doki. Mai suka ba ya rasa abin faɗa.

Wani abu guda ya sa muka sassauta. Gabas da Yamma sun sami mulkin kansu tun 1957, ba a buga musu ko ɗaya ba. Gidan waya na tarayya ne, don haka wannan taro ya yi aiki a ƙasar baki ɗaya: malamin makaranta a Enugu ko ɗan kasuwa a Ibadan ya lashi bayansa ya liƙa, wasiƙarsa ta tafi da hoton wani gini na Kaduna da bai taɓa gani ba. Ambulan ɗin kakanmu ma ba daga Arewa ta fito ba. Hatimin ya ɗan goge, amma ana karanta Lagos, kuma zobensa ya sauka a tsakiyar ginin da yanzu Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke zama a ciki, har yau da sunan Lugard.