Chcp 65001: Kalma Ɗaya Ta Share Mini Hawaye

Jama'a, ku taya ni murna! Baƙin allon nan na Windows da ake rubuta wa kwamfuta umarni a cikinsa, wato cmd, yau ya iya Hausa.

A Gaya nake da ɗan shagon buga takardu, kuma malamai daga Ajingi, Toranke da Gafasa kan kawo mini jerin sunayen ɗalibai in tsara. Da ƙananan umarni nake tace su, don ya fi sauri. Sai dai duk sanda na ce allon ya nuna mini fayil, Ƙasimu da Ɗanladi sai su koma zanen aljanu. Harafin ƙ kaɗai yakan zama ╞Ö. Har na fara cire lanƙwasar gaba ɗaya, wanda kuwa ya yi haka ya mayar da ƙarya karya. A garin da ake cewa daga nan maƙerin da ya fara zama a Dala ya fito, a ce kalmar maƙera ta gagari na'ura? Abin kunya!

Ashe laifin tsohon tsarin haruffa ne mai lamba 437, gadon kwamfutar IBM ta 1981. Gurbi 256 kacal gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Fayilolina kuwa da UTF-8 aka adana su, inda kowane harafi mai lanƙwasa ke cin gurbi biyu, shi ya sa allon yake tsaga shi gida biyu.

Maganin? Ka rubuta chcp 65001, ka danna Enter, allon ya koma tsarin UTF-8. Shi ke nan! Wallahi da na ga Ɗanladi ya fito da ƙugiyarsa tsaf, sai da na miƙe tsaye. Na haɗa da Windows Terminal, wanda Microsoft ta saki a 2020, rubutu ya fito fes kamar a littafin makaranta. Har ƴ ta 'yan'uwanmu na Nijar ta bayyana. Kai, madalla da masu wannan aiki!

Aibin umarnin chcp ɗaya ne: da ka rufe allon ya manta, sai ka sake rubutawa. Idan kuma ka ga ɗan akwati a maimakon harafi, salon rubutun ne bai da shi, ka canza wani.

Masu shaguna daga Gaya har Ajingi, don Allah ku gwada shi yau, ku daina yanke wa yaran mutane ƙugiyar sunansu.