Firaktal: Ado ne ko Ma'auni? Nazari a kan Littafin Ron Eglash

Tun da Ron Eglash ya fitar da littafinsa African Fractals a 1999, ya kuma yi jawabinsa na TED a 2007, wasu 'yan uwanmu masu karatu suka ɗauki kalmar firaktal abin tinƙaho. Da sun ga kitso ko zanen hula, sai su ce ai kakanninmu sun riga Turawa gano wannan lissafi. Kafin mu yi guɗa, ya kamata mu san abin da kalmar take nufi a wurin masu ita.

Benoit Mandelbrot ne ya ƙirƙiro kalmar a 1975, daga wata kalmar Latin mai nufin abin da ya karye. Firaktal siffa ce wadda duk yadda ka ƙara matsowa kusa da ita, za ka tarar ƙananan sassanta sun yi kama da babbar. Amma kamannin ba shi ne ƙashin bayan zancen ba, awo ne. Lewis Fry Richardson ya lura cewa Sifaniya ta ce iyakarta da Fotugal kilomita 987 ce, ita kuma Fotugal ta ce 1,214. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Mai gajeren ma'auni yana shiga kowane lungu na kogi da tudu, shi ya sa tsawon yake ƙaruwa a hannunsa. A 1967 Mandelbrot ya nuna cewa saurin wannan ƙaruwa yana da adadi: miƙaƙƙen layi 1 ne, shimfiɗaɗɗen fili 2, gaɓar tekun yammacin Birtaniya kuwa kusan 1.25. Wannan adadi, wanda kowa zai iya sake aunawa ya ƙaryata ka, shi ya mayar da firaktal kimiyya.

Da wannan mizani nake auna littafin Eglash. Ya kawo fadar Logone-Birni ta Kotoko a Kamaru, inda murabba'i ke cikin murabba'i, da garin Ba-ila a Zambiya, inda da'ira ke cikin da'ira, da gicciyen Habasha, da bargon auren Fulani, da duban ƙasa na Bamana, ɗan uwan bugun ƙasa da muka sani. Dole a yaba masa. Bai tsaya ga hoton da aka ɗauko daga jirgin sama ba, ya je ya tambayi masu aikin, ya kuma raba abin da ya faru bisa katari da abin da aka tsara da niyya. Misalinsa mafi ƙarfi shi ne zanar kara ta yankin Sahel, wadda saƙarta take ƙara matsewa yayin da ake yin sama, domin iska da ƙura sun fi ƙarfi a can. A nan akwai dalili, akwai kuma abin aunawa.

Rauninsa yana inda kama ta zama hujja. Yawancin siffofin da ya nuna sau uku ko huɗu suke maimaita kansu, su tsaya. Kama da wane ba ta wane. Mai ginin da ya san tsarin a hannunsa gwani ne, ba ya buƙatar a ɗaura masa rawanin Mandelbrot kafin a girmama shi. Kuma wannan cuta ba ta tsaya ga Eglash ba. A 1998 David Avnir da abokan aikinsa sun bi rahotannin masana fiziks da suka ce sun gano firaktal a halitta, suka tarar a mafi yawansu maimaicin bai wuce tazarar ninki 20 ko makamancin haka ba. Masu ɗakin gwaji ma kwaɗayin kalmar yana kwasarsu.

To ina amfanin firaktal na gaskiya ga irinmu? A duba Fashaga, ƙasar riɗi da dawa a jihar Gadarif ta Sudan, jihar da Hausawa suka daɗe suna noma a cikinta. Kogunan Atbara da Setit da ke ratsa yankin daga tsaunukan Habasha suke gangarowa, su tumbatsa da damina, su janye da rani, ruwansu ya ƙare a Nilu. Harold Hurst, Bature ɗan Ingila da ya yi shekaru da dama yana auna Nilu, ya wallafa a 1951 cewa shekarun ruwa ba sa zuwa kamar jefa kwabo. Da haka suke, adadin da ya lissafa zai tsaya a 0.5, sai ya samu kusan 0.7. Ma'ana, shekarar ruwa takan jawo 'yar uwarta, ta fari ma haka, kuma wannan jerin gwano yana bayyana ko ka duba shekara goma ko ɗari. A 1968 Mandelbrot da James Wallis suka laƙaba wa abin sunan Annabi Yusuf, saboda shekaru bakwai na yalwa da bakwai na ƙunci. Firaktal ke nan a cikin lokaci.

Injiniyan da ya yi watsi da wannan, ya ɗauka fari ba ya jeruwa, zai gina tafkin da ba zai kai mutane ƙarshen wahala ba. Madatsar Khashm al-Girba tana kan Atbara tun 1964, an kuma ƙara tagwayen madatsu a kan Atbara da Setit a 2017. Manomin da ke jiran ruwansu babu ruwansa da wanda ya fara zana da'ira cikin da'ira. Abin da zai amfane shi shi ne ɗansa ya iya karanta bayanan kogin, ya faɗi yawan ruwan da ya kamata a ajiye.

Saboda haka a karanta Eglash, domin ya buɗe ƙofar da aka daɗe da rufewa, ya sa yaron da ke gudun lissafi ya gan shi a kan mai kitso. Amma duk wanda ya nuna maka abu ya ce firaktal ne, tambaye shi abu biyu: sau nawa ya maimaita kansa, kuma nawa ne adadinsa?