Yatsan wa ke cikin "Your country needs you"?

Da zarar zaɓe ya matso, ko ana neman masu ba da jini, sai ka ji an jefo mana "Your country needs you" a tallan rediyo, wasu su fassara ta da "ƙasarka na buƙatarka". Da yawa suna ɗauka daga Amurka ta zo, daga hoton tsohon nan mai farin gemu da doguwar malafa. Ba haka ba ne. Hoton Amurka na 1917 "I want you" ya ce, kuma shi kansa kwaikwayo ne.

Asalinta Landan. A Agustan 1914, sanarwar ɗaukar sojan Ingila cewa ta yi "Your King and Country need you", har da sarki a ciki. Mai zane Alfred Leete ne ya ajiye sarkin, ya bar kalmomi huɗu a bangon mujallar London Opinion ta 5 ga Satumba, ƙarƙashin fuskar wani mai gashin baki yana nuna mai karatu da yatsa.

Mai yatsan shi ne Kitchener, ministan yaƙi na lokacin, kuma a Sudan ya yi suna. Ranar 2 ga Satumban 1898, a filin Karari, arewa da Omdurman, igwa da bindigogin Maxim na rundunarsa sun kashe mayaƙan Halifa Abdullahi kimanin 10,000, nasa mamatan ba su kai 50 ba. Ya rushe kubbar Mahadi, aka zuba ƙasusuwansa a kogin Nilu, shi kuma aka ba shi sarautar Lord Kitchener na Khartoum. Kwarjinin da ya sa samarin Ingila suka amsa kiran yatsan, a can aka saye shi.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. A 1903 Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammad Bello ya ja jama'a zuwa Sudan ɗin, garin Mai Wurno yana nan har yau. Shi ya sa nake jin banbaraƙwai in mai gabatar da shiri ya kira jikokinsu zuwa kishin ƙasa da muryar Kitchener, alhali Hausa ba ta rasa kalmomin kiran gayya ba.

Su Sudanawa, bayan samun 'yanci a 1956, sauke gunkinsa mai doki suka yi daga Khartoum. Yanzu yana Chatham, a Ingila.