Wa Za a Sa wa Rigar Hirudus Bana?

Da zarar ruwa ya ɗauke a Garwa, wajen ƙarshen watan Oktoba, sai hankalin matasan ikilisiya ya koma kan wasan Kirsimeti. Da la'asar, bayan an tashi daga makaranta, akan iske su a bayan majami'a, ko a Rumde Ajiya ko a Yalwa ko a Jambutu, ana rabon wanda zai zama Yusufu da wadda za ta zama Maryamu, ana gardama a kan wanda ya fi iya tsawa don ya zama Hirudus. Iyaye mata suna tanadin zannuwa, mawaƙa suna koyon sabon amshi, yara kuwa suna ƙidayar kwanaki. In Kirsimeti ta wuce, sai a shiga jiran wasan Shan Wuya na makon Ista. Haka abin yake a Gidar da Marwa da Mokolo da Ngaundare.

Wannan ɗoki yana da dalili. Akwai mutanen da ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, amma sun san labarin Baitalami daga farko har ƙarshe, gama sun gan shi da idonsu. Akwai kuma maƙwabta waɗanda ba sa shiga majami'a, amma ranar wasa sukan tsaya a bakin danga su yi kallo. Tun da yake wa'azi ɗaya ne wasunsu suke ji a shekara, ya kamata a duba abin da wa'azin nan yake faɗa tun ba a hau dandali ba. Tun ran gini, ran zane.

Abin da ya cancanci yabo

Nuna labarin Bishara da jiki ba sabon abu ba ne. A shekara ta 1223, a ƙauyen Greccio na ƙasar Italiya, Waliyyi Faransis na Asisi ya sa aka kawo kwami da ciyawa da sa da jaki, domin talakawa su ga irin wurin da aka haifi Almasihu. A nan arewacin Kamaru ma akwai misali wanda ya kewaya duniya. A shekarun 1970, Kiristocin Mafa na duwatsun Mandara suka riƙa kwaikwayon labaran Bishara a ƙauyukansu, ana ɗaukar su hoto. Daga hotunan nan aka zana zane fiye da 60, waɗanda aka sani da sunan Yesu Mafa. Yau ana samunsu a littattafan koyarwa da bangon majami'u har a Turai da Amurka. Duk wanda ya dube su zai ga bukkoki masu tsinin jinka, da ƙwarya, da tulu, da duwatsu, da fuskoki irin na gida. Asalin wannan aiki wasan kwaikwayo ne na manoma, ba su da labule, ba su da fitilar lantarki.

Matasan yau sun gaji wannan ƙarfin hali. Da tabarma biyu da buhun auduga sukan gina Baitalami. Ba a biyansu ko sisi. Wanda ya kwaikwayi soja ko mai karɓar haraji yakan kwashe tafiyarsa da kallonsa sarai, har tsofaffi su riƙe ciki don dariya. Baiwar tana nan. Abin dubawa shi ne inda ake kashe ta.

Tsarkaka sun zama gumaka

Mai kallo da ya natsu zai lura cewa rai duka yana wajen mugaye. Hirudus yana zagaya dandali, yana zare ido, yana yi wa dogarawansa faɗa da Fillancin kasuwa ko da Hausa, kowa yana fahimta. Mai masauki yana ciniki kamar dillali. Amma da Mala'ika Jibra'ilu ya fito, lulluɓe da farin zanen gado, sai ya ƙame wuri ɗaya, ya zubo haddar Faransanci da sauri kamar ɗalibin da yake tsoron bulala. Maryamu ta sunkuyar da kai, muryarta ba ta kai layi na uku ba. Yusufu kuwa sanda ce kurum aka ba shi ya riƙe.

Masu shirya wasa sukan ce ladabi ne ya kawo haka, wai bai dace a yi wasa da tsarkaka ba. Niyyar tana da kyau, amma ga abin da take haifarwa. Yaron da ya zauna a ƙasa yana kallo zai tashi da tunanin cewa mugunta ce take jin harshen gidansu, tsarki kuwa baƙo ne wanda sai ɗan makaranta yake gane maganarsa. Alhali an fassara Littafi Mai Tsarki duka da Hausa tun 1932, da Fillanci kuma tun 1983, ban da fassarorin Mundang da Tupuri da sauransu. Wahalar da masu fassara suka sha ke nan, don kada a ce Allah bai iya harshen kowa ba.

Labarin kansa bai nuna Yusufu a matsayin gunki ba. Mutum ne wanda ya iske budurwar da yake tashi da ciki, ya kwana yana saƙawa da kwancewa, yana neman yadda zai rabu da ita ba tare da ya tona mata asiri ba. Babu unguwar da ba a san nauyin wannan magana ba. In an ba saurayin da ya iya wasa wannan matsayi, aka bar shi ya yi magana da harshen da yake mafarki da shi, to, ba za a bukaci Hirudus ya yi ta tsalle-tsalle don a hana mutane gyangyaɗi ba.

Rigar Hirudus

Ga babbar magana. In an zo neman kayan da za a sa wa Hirudus, ko Kayafa, ko Farisiyawa, hannu yakan tafi kai tsaye ga babbar riga da rawani. A aro wa Hirudus alkyabba, a ba dogarawansa ja da kore, wani ya bi shi da kirari, wani lokaci har a ba Bafarisiye carbi da buta. Masu yin haka sukan ce ai sarautar da aka sani ke nan, da me kuma za a nuna sarki? Gaskiya ne, a Garwa in an ce sarki, fadar Lamiɗo ce take zuwa a zuciya. Amma sai a tambaya: in duk mugun da yake cikin wasa yana sanye da tufafin maƙwabci, duk nagarin kuma yana sanye da zanen gado, me aka koya wa yara? Me kuma aka faɗa wa Alhajin da yake tsaye a bakin danga, wanda watakila shi ne ya ba da aron rigar?

Wannan ƙasa tana da tsohon miki. A ƙarni na 19, mahaya dawakai sun kai hare-hare a kan mutanen tudu, suka kama bayi, har kalmar Kirdi ta zama abin gori. Da masu mishan na Lutaran suka iso wajen 1920, da kuma lokacin da Fada Yves Plumey da 'yan'uwansa suka sauka Garwa a 1946, yawancin waɗanda suka karɓi baftisma jikokin mutanen nan ne. Ba abin mamaki ba ne in dariyar da ake yi wa mai rawani a dandali tana da ɗan ɗanɗanon ramuwa. Sai dai dandalin ikilisiya ba wurin rama gayya ba ne. Jikokin waɗancan da jikokin waɗannan suna cin kasuwa ɗaya, suna shan ruwan Binuwai, 'ya'yansu suna zama a benci ɗaya a makaranta.

Wasu sun riga sun faɗa wannan rami, ana iya koyo daga gare su. A garin Oberammergau na ƙasar Jamus ana yin wasan Shan Wuya tun 1634, kusan kowace shekara goma, don cika alkawarin da mutanen garin suka yi lokacin annoba. Shekara da shekaru suna nuna Yahudawa a matsayin taron mugaye masu ƙishin jini, da tufafi da huluna na ban tsoro, 'yan kallo kuwa suna komawa gida da ƙiyayya ga Yahudawan da suke zaune tare da su. A 1965 Babban Taron Batikan na Biyu ya bayyana cewa ba a ɗora wa Yahudawa duka alhakin mutuwar Almasihu. A cikin wannan takarda ɗaya aka ce Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, aka kuma roƙi kowa ya bar tsohuwar gaba. Daga baya, musamman tun 1990, mutanen Oberammergau suka yi ta gyaran rubutun wasansu da tufafinsa. Wasan da ya haura shekara 350 ya karɓi gyara, balle wanda aka rubuta a littafin makaranta bara.

Al'adar Hausa ma tana da abin koyarwa a nan. A wasan gauta, matan fada ne suke kwaikwayon sarki da fadawansa, sarkin kuwa yana zaune yana kallon halinsa. A wasan tashe na watan azumi, yara suna kwaikwayon malami da tsoho da mai magani, duk mutanen gida. Da Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Jatau Na Kyallu, wanda aka buga a 1960, wani attajiri ya sa a gaba. A kudancin Kamaru, Guillaume Oyono-Mbia ya yi wasansa na manema uku da miji ɗaya, wanda maɗaba'ar Kirista ta CLE ta buga a Yawunde a 1964, a kan kwaɗayin dangi wajen kuɗin aure, ya kuma kafa labarin a ƙauyen da aka haife shi. Dukansu gida suka nufa da sandarsu, shi ya sa dariyar ta zama magani. Haka Annabi Natan ya yi wa Sarki Dawuda: ya ba shi labarin mawadacin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, ya bar shi ya yanke hukunci, sa'an nan ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hangi na wani.

Gyaran ba shi da wuya. In za a sa wa Hirudus babbar riga, to, a sa wa masanan nan da suka zo daga gabas wadda ta fi ta kyau, da rawani, gama su ma manya ne, su ne kuwa suka ƙi bin umarnin mugun sarki. A sa wa Yusufu na Arimatiya, wanda ya ba da kabarinsa. A bar Bafarisiye ya fito da kwat da babban Littafi a hammata, ya zauna a kujerar gaba kamar dattijon majami'a, domin gargaɗin da aka yi wa Farisiyawa na masu yawan ibada ne, ko ina suke. A ba Yahuza jakar baiko. Za a yi dariya, amma wani zai koma gida bai yi barci da wuri ba.

Waƙa da gudun hijira

Game da waƙa, magana kaɗan ce. Sau da yawa akan tsai da labari domin kowace ƙungiyar mawaƙa ta sami rabonta, har wasan sa'a ɗaya ya kai uku, lasifika kuma tana ƙara har ba a jin kalma. Waƙar da ba ta ɗauki labari ta kai shi gaba ba, a ajiye ta sai bayan wasa. Ganga da tulu da sarewa da amshin mata sun isa.

Akwai wuri ɗaya da waƙa take da aikin da magana ba za ta iya ba, shi ne kisan jariran Baitalami da gudu zuwa Masar. An saba mai da wannan wuri abin dariya, sojoji suna bin mata da takubban kwali, yara suna shewa. Amma tun 2013 akwai sansanin Minawawo kusa da Mokolo, inda dubban mutanen da suka tsere wa Boko Haram daga Nijeriya suka sami mafaka, Kirista da Musulmi. Mutanen ƙauyukan iyaka da yawa kuma sun gangaro kudu neman wurin noma. A cikin masu kallon bana ba za a rasa macen da ta taɓa goya ɗa ta gudu cikin dare ba. A gabanta ba a wasa da wannan labari. A ajiye takubban kwali, a bar mata su yi makoki da muryar da ake yinsa a gida, a yi shiru kaɗan, sa'an nan Yusufu ya ɗauki ƙunshinsa. A kuma nuna wanda ya karɓe su a Masar, mutumin da ba addininsu ɗaya ba, yana miƙa musu ruwa a ƙwarya.

Har yanzu da sauran makonni. Masu koyar da katikisma da shugabannin matasa su zauna su karanta labarin tukuna daga Matiyu da Luka, kafin a buɗe akwatin tufafi. A nemi dattijuwa ɗaya wadda ba ta jin Faransanci ta kalli gwaji, a tambaye ta abin da ta gane. A kuma aika wa maƙwabta gayyata, a shimfiɗa musu tabarma a ciki. Duk abin da za a ji kunyar nunawa a gabansu, a cire shi tun yanzu.